Gwanjo ko Farashi Ɗaya: Wanne Ya Fi Dacewa da Mai Sayarwa a Intanet?

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, ina saro wayoyi 'yan tokumbo a Computer Village da ke Ikeja, ina sayarwa ta WhatsApp da Instagram da Jiji. Wani lokaci kuma ana kawo mini kayan da mutane suke rabuwa da su idan za su tashi daga gida, irin su tsofaffin agoguna da kyamarori da rediyo irin na da. Na ga wasu suna sa kaya a gwanjo, su ce wanda ya fi tayi kafin ƙarfe tara na dare shi ke da kaya, kuma ana cewa an fi samun kuɗi ta haka. Shin in koma gwanjo ne, ko in ci gaba da rubuta farashi ɗaya a kan kowane kaya?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, tambayarka ɗaya ce, amma kaya iri biyu ka ambata a cikinta, kuma hukuncinsu ya bambanta. Akwai wayoyin da kake sarowa a Ikeja, waɗanda duk mai data a wayarsa zai iya gano kuɗinsu kafin ya gama shan shayi. Akwai kuma agogo da kyamara da rediyon da suke faɗo maka jefi-jefi, waɗanda kai kanka mai kayan ba ka da tabbacin abin da za su yi. Abin da na fahimta a shekarun da na yi ina dillancin kayan lantarki da sayarwa ta intanet a nan Legas shi ne, gwanjo hanya ce ta gano farashin da ba a sani ba. Idan kasuwa ta riga ta san kuɗin abu, gwanjo ba zai ƙara maka komai ba sai jira da kasada. Idan kuwa ba a sani ba, yana iya yi maka rana, amma da sharuɗɗa, kuma cika sharuɗɗan nan a Legas ya fi wuya fiye da yadda masu yabon gwanjon suke faɗa.

Wanda ya zo na biyu shi ke yanke farashi

Mutane da yawa suna ɗauka cewa a gwanjo mai kaya yana samun iyakar abin da wanda ya fi son kayan zai iya biya. Lissafin ba haka yake tafiya ba. Mu ɗauka ka sa wani agogo, aka sami mutum uku masu so. Na farko a ransa zai iya biyan naira 150,000, na biyu iyakarsa 90,000, na uku kuma 60,000. Tayi zai yi ta hawa har ya wuce 60,000, na uku ya janye. Ya wuce 90,000, na biyu ma ya janye. Sai ya tsaya a 92,000 ko 95,000, domin na farko ba shi da dalilin ƙara wa kansa kuɗi alhali babu mai ja da shi. Ragowar 55,000 da ya yi niyyar biya tana nan a aljihunsa. To, a ce a daren nan na biyun yana maƙale a cunkoson hanyar Oshodi, ko cajin wayarsa ya ƙare, agogon nan ɗaya zai tafi a 62,000. Kayan bai canja ba, wanda ya saya bai canja ba, rashin mutum ɗaya kawai ya zabge kashi ɗaya cikin uku na kuɗin.

Wannan magana tsohuwa ce a wurin masana tattalin arziki. William Vickrey na Jami'ar Columbia a Amurka ya yi bayaninta tun 1961, kuma tana cikin ayyukan da suka sa aka ba shi kyautar Nobel a 1996. Kamfanin eBay, babban dandalin saye da sayarwa ta intanet na Amurka, shi ma a kanta ya gina tsarinsa: mai saye yana rubuta iyakar abin da zai iya biya a ɓoye, kwamfuta ta riƙa ƙara masa tayi kaɗan-kaɗan a madadinsa, kuma idan ya ci, abin da zai biya shi ne tayin na biyu da ɗan ƙari a kai. Saboda haka tambayar da ya kamata ka yi wa kanka kafin ka buɗe gwanjo ita ce, shin ina da aƙalla mutum biyu masu kuɗi a hannu, masu son wannan abu da gaske, waɗanda za su gan shi a cikin wa'adin da na sa? Yawan masu danna alamar so a ƙarƙashin hoto ba ya amsa wannan tambaya.

Yana da kyau ka san yadda abin ya kaya a inda aka fara shi. Pierre Omidyar ya buɗe eBay a 1995 da sunan AuctionWeb, kuma a lokacin gwanjo ne zalla. A shekarar 2000 kamfanin ya shigo da tsarin saye nan take a kan farashin da aka rubuta, kuma yau mafi yawan cinikin da ake yi a dandalin da farashi ɗaya ake yin sa. Wasu masana na Jami'ar Stanford sun bi diddigin cinikin eBay na shekaru, suka wallafa sakamakon a 2018. Sun gano cewa kayan da aka sa a gwanjo sun fi saurin samun mai saye, amma a kan kuɗi ƙasa da na irinsu da aka rubuta wa farashi, kuma tazarar ta yi ta faɗaɗa da tafiyar shekaru. Babban dalilin da suka bayar shi ne masu saye sun gaji da jira; mutum yana son ya biya ya wuce, ba ya son ya yi mako yana gadin tayi wanda ƙila a ƙwace masa a daƙiƙar ƙarshe. Gwanjo ya ci gaba da rayuwa ne a kan tsofaffin kaya da waɗanda babu irinsu da yawa.

Halin da muke ciki a Legas

Manyan dandalin da muke da su ba a gina su don gwanjo ba. Jumia da Konga, waɗanda dukansu suka fara a 2012, farashi ɗaya suke yi. Jiji, wanda ya fara a 2014 kuma ya saye harkar dandalin talla na OLX ta Nijeriya a 2019, wurin talla ne: ka rubuta kuɗi, mai so ya kira ka, ku daidaita a tsakaninku. Don haka gwanjon da kake gani ana yi, a ƙarƙashin hoton Instagram ne, ko a zauren WhatsApp, ko a bidiyon kai-tsaye na TikTok. A duk waɗannan wurare babu na'urar da take riƙe tayi, babu mai raba gardama, kuma babu hukunci a kan wanda ya taya ya gudu.

Nan ne babban bambancin yake. A eBay tayi alkawari ne a ƙa'idar dandalin; wanda ya ci bai biya ba cikin kwana huɗu, mai kaya yana iya soke cinikin, a kuma rubuta laifin a asusunsa. Gwanjon motoci na Copart da IAA a Amurka, inda dillalanmu suke sayo motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tin Can, sai da rajista, kuma manyan tayi sai da kuɗin ajiya. Hatta gwanjon intanet na Hukumar Kwastam, wanda aka fara a 2017 aka sake fasalinsa a farkon 2024, sai mai lambar biyan haraji yake shiga. Dukansu sun gane abu ɗaya, cewa tayin da ba ya cin mai yinsa komai ba shi da nauyi. A zauren WhatsApp kuwa, yaro da ba shi da ko sisi zai iya rubuta 200,000 don nishaɗi, ya kori mutanen kirki biyu da suka tsaya a 120,000, gari ya waye ya kashe waya. Idan ka koma wurin na biyu, sau da yawa za ka tarar ya huce, ko ya fara zargin cewa yaron naka ne ka sa ya hura wutar, ya ce yanzu 90,000 zai biya. Na sha ganin haka a zaurukan da nake ciki, kuma kayan da ya taɓa dawowa daga gwanjo yakan sha wuya kafin ya sake yin daraja a idon mutanen zauren.

Ga kuma rigimar lokaci. Mutum biyu su turo tayi a minti ɗaya, ɗaya na wannan ya bayyana a wayarka kafin na wancan saboda ƙarfin sabis, a wayar wani kuma akasin haka. A Instagram mutum yana iya goge abin da ya rubuta. Duk wanda aka hana zai tafi da jin an zalunce shi, kuma a tsakanin Hausawan Agege da Idi-Araba da Mile 12, inda kowa ya san wan kowa, irin wannan ƙorafi yana isa masallaci da majalisa kafin kai ka isa.

Wayoyinka

A kan wayoyi ba ni da wata tantama: ka rubuta farashi. Wayar da ake da ɗaruruwan irinta a titin Otigba na Computer Village da kewayensa tana da rufi, wato kuɗin da babu mai hankalin da zai wuce shi, tunda zai iya hawa mota zuwa Ikeja ya saya. Gwanjo ba zai fasa wannan rufi ba. Amma ta ƙasa babu abin da ya tare ka, domin idan masu tayi suka yi ƙaranci a ranar, sai ta tafi ƙasa da yadda ka saro. Kasadar da riba a cikinta take da iyaka, faɗuwa kuma ba ta da iyaka, ba ta ɗan kasuwa ba ce. Bugu da ƙari, mai neman waya yawanci tasa ce ta faɗi ko aka sace, yau yake bukata, ba zai jira ranar rufe gwanjo ba.

Farashi ɗaya da nake nufi ba ya hana tayi. Mutanenmu ba sa jin sun yi ciniki sai an rage musu wani abu, kuma ko a eBay akwai tsarin da mai saye zai miƙa tayinsa a kan kayan da aka rubuta wa kuɗi, mai kaya ya karɓa, ko ya ƙi, ko ya mayar da nasa. Abin da nake yi shi ne in riƙe lambobi uku a kan kowane kaya: abin da ya ci mini gaba ɗaya, har da kuɗin mota da gyara da la'adar wanda ya haɗa ni da shi, ƙarshen abin da zan sallama, da wanda zan rubuta. Tazarar da ke tsakanin na biyu da na uku kada ta yi faɗi. A kasuwar ƙafa kana iya faɗin kuɗi mai yawa, mai saye ya taya rabi, ka ce albarka, ku yi ta ja har ku haɗu, domin yana gabanka. A intanet wanda ya ga kuɗinka ya zarce na maƙwabcinka ba zai taya ba, zai wuce ne kawai ba tare da ka san ya zo ba. Haka kuma ban goyi bayan al'adar ɓoye farashi a ce sai an shigo ta saƙon sirri ba. Tana cinye yinin mutum wajen amsa "nawa ne" ga waɗanda ba saye za su yi ba, tana kuma sa masu saye na gaske su zaci kowa da kuɗin da ake yanka masa gwargwadon hoton da ke kan asusunsa.

Akwai wani abu guda da farashi ɗaya yake bukata wanda mutane suke sakaci da shi, wato sabuntawa. Kuɗin waya yana bin dala. Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma har ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma waɗanda suka bar tsohon farashi a kan tallarsu sun sayar da kaya a kan kuɗin da ba zai sake saro musu irinsa ba. Ka riƙa auna farashinka da abin da za ka biya idan za ka saro yau, ka kuma riƙa duba tallarka aƙalla mako-mako. Ta ɗaya ɓangaren kuma, waya kaya ce mai tsufa a kan kanta; Apple yakan fitar da sabuwar iPhone a wajen watan Satumba, kuma na baya sukan sauka. Wayar da ta yi wata biyu ba a taya ba tana gaya maka cewa kuɗinta ya yi yawa.

Agogo da kyamara da rediyo

A nan ne maganar gwanjo take da wurin zama, amma ko a nan ba da shi za ka fara ba. Ka fara da bincike. Ka juya agogon ka karanta sunan kamfani da lambar da ke bayansa, ka nemi irinsa a eBay, ka tace sakamakon ya nuna maka waɗanda aka riga aka sayar kawai. Wannan tacewa ita ce muhimmiya, domin kuɗin da mutane suke rubutawa buri ne, wanda aka biya shi ne farashi. Sau da yawa za ka tarar abin da ka zaci babu irinsa, an yi miliyoyinsa, kuma kuɗinsa sananne ne. Tsofaffin agogunan Seiko 5 da Casio, da rediyon National da iyayenmu suka saurari BBC da shi, yawancinsu haka suke. Irin waɗannan ka rubuta musu farashi kamar waya, ka yi haƙuri, domin mai son su ɗaya ne a cikin dubu kuma ba ka san ranar da zai biyo ba. Kayan da masu sonsa ba su da yawa kuma a warwatse suke, jira yake so, gwanjon kwana uku kuwa ba ya jituwa da jira.

Wanda ya cancanci gwanjo shi ne abin da binciken ya nuna maka ana rububinsa, kuma kuɗin da aka biya a kansa ya sha bamban daga wannan ciniki zuwa wancan, har ba ka iya tsayar da lamba ɗaya. Misalin da duk Legas ta sani shi ne zanen Tutu na mai zanen Nijeriya Ben Enwonwu, wanda aka gano a wani gida a Landan, kamfanin Bonhams ya yi gwanjonsa a watan Fabrairun 2018, ya tashi a kan fam miliyan 1.2, ninkin abin da aka yi hasashe sau da yawa. Sai dai ka lura da abin da ya kewaye wannan ciniki: an tantance cewa zanen na gaske ne, an yi makonni ana shelarsa a jaridu, an tara masu kuɗin da suka san darajarsa a lokaci ɗaya, har da waɗanda suka bi gwanjon daga Legas. Taron ne ya yi kuɗin. Mabiyanka na WhatsApp kuwa masu sayen waya ne, kuma idan ka sa musu kyamarar fim ta Jamus a gwanjo, wanda zai ci shi ne dillalin da ya san darajarta, ya ɗauka a banza ya kai inda ake nemanta. Idan irin wannan kaya ya faɗo hannunka, ka nemi zauren masu tara agoguna ko masu ɗaukar hoto, ko ka ba wanda yake da irin wannan jama'a ya sayar maka a kan la'ada. La'adar da za ka biya ta fi sauƙi a kan asarar da ba za ka ma san ka yi ba.

Dalili na biyu da yake halatta gwanjo shi ne gaggawa. Idan kuɗin haya ya taso, ko kana son ka kwashe ragowar kaya ka juya jarin, gwanjo yana ba ka ranar da ciniki zai ƙare, kai kuma ka biya wannan tabbaci da ragin da za ka yi. Masu sayar da raguna a Legas sun san wannan lissafi: ragon da bai fita ba har kwanakin layya suka wuce, ciyarwa da kuɗin mayar da shi Arewa suna jiran mai shi, don haka sallamawa da ragi a ranar ƙarshe ta fi. Amma ko a halin gaggawa akwai hanyar da na fi so a kan gwanjo, ita ce saukar da farashi mataki-mataki a bainar jama'a. Ka rubuta cewa yau 100,000 ne, kullum za a rage 5,000 har a sami mai ɗauka, kuma wanda ya fara biya shi ke da kaya. Da irin wannan tsari na saukowa ake sayar da furanni a babbar kasuwar Aalsmeer ta ƙasar Holan. Amfaninsa a wurinmu shi ne babu tayin baka ko kaɗan. Mai so yana tsoron wani ya riga shi, kuma ba a cewa an saya sai kuɗi ya shiga.

Idan ka yanke shawarar yin gwanjon

Ka rubuta sharuɗɗa kafin tayin farko, kada ka canja su a tsakiya. Ka faɗi inda tayi zai fara, da mafi ƙarancin abin da ake ƙarawa, da ranar rufewa da sa'arta, da cewa agogon wayarka ne abin dogaro. Ka faɗi wa'adin biya, da wanda zai ɗauki kuɗin kai kaya, domin ɗan saƙo daga Agege zuwa Ajah ba kuɗinsa ɗaya da na Ogba ba, kuma wanda ya ci daga Kano ko Kaduna sai an sa masa a mota. A kan farashin farawa, za ka ji ana cewa ka fara daga naira ɗaya don jama'a su taru. Wannan dabara tana aiki a dandalin da miliyoyin mutane suke bincike a cikinsa. A zauren mutum ɗari biyu, ka fara daga ƙarshen abin da za ka iya sallamawa ba tare da ciwon rai ba. Wasu suna farawa ƙasa su ɓoye wani kuɗi a ransu, idan tayi bai kai ba su ce ba su sallama ba. eBay yana da irin wannan tsari kuma yana cajin kuɗi a kansa, amma a tsakaninmu yana zubar da mutunci, sai dai idan ka faɗa tun farko cewa akwai iyakar da ba za ka sauka ƙasa da ita ba.

Ga kaya mai tsada, ka nemi kafin alƙalami daga duk mai son shiga, ɗan abin da za ka mayar wa waɗanda ba su ci ba a daren, ka kuma faɗi tun farko abin da zai faru da na wanda ya ci ya ƙi biya. Masu tayi za su ragu, kuma waɗanda suka rage su ne na gaske. Sai dai wannan ba ya yiwuwa sai ga wanda mutane suka riga suka amince masa da kuɗinsu, shi ya sa gwanjo ba na sabon shiga ba ne. Maganin masu laɓewa su jefo tayi a daƙiƙar ƙarshe shi ne ka ce duk tayin da ya shigo a minti biyar na ƙarshe yana ƙara minti biyar. Ka sa rufewa bayan sallar isha'i, lokacin da mutane suka koma gida, kuma ƙarshen wata ya fi tsakiyarsa. Kwana biyu zuwa uku sun isa a WhatsApp, tunda abin da aka sa a sitatus awa 24 yake yi ya ɓace. Kada kaya ya bar hannunka saboda hoton rasit ko saƙon alat. Ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka. Ka kuma bayyana duk aibin da ke jikin kayan da hoto, domin wanda zafin gasa ya ɗebe shi ya biya fiye da niyyarsa, da safe neman dalilin fasawa yake yi, kuma tsagewar da ba ka nuna ba ta ishe shi.

Akwai wani abu da ya zama ruwan dare wanda nake roƙonka ka nisanta, shi ne sa aboki ko buɗe asusu na biyu don a riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba. Wannan shi ne najashi, kuma hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim da Muwaɗɗa ya tabbatar da cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi. Gwanjo shi kansa jumhurun malamai sun halatta shi, kuma Imam Malik ya bayyana cewa hanin yin tayi a kan tayin ɗan'uwa yana farawa ne idan mai kaya ya riga ya karkata ga mai saye sun kama hanyar ƙullawa, amma kayan da aka baje don a yi ta ƙari babu laifi mutane da yawa su taya. Abin da wannan yake nufi a aikace shi ne, idan ka rufe ka ce wane ya ci, sannan wani ya biyo ta bayan fage da ƙarin 10,000, ba ka da damar juyawa. Ni ɗan kasuwa ne, ba malami ba, don haka batun riƙe kafin alƙalamin wanda ya fasa, wanda malamai suka yi saɓani a kansa, ka kai shi gaban malamin unguwarku kafin ka rubuta shi a sharuɗɗanka.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa ke nan, tunda ban riƙe agogunan a hannuna ba, ban kuma san irin mutanen da suke bin shafinka ba. Idan tunaninka ya kai ga sayarwa a eBay kai tsaye, ka fara tabbatar da hanyar da kuɗi zai iso ka a Nijeriya, ka lissafa kason dandalin, wanda a Amurka yake wajen kashi 13 cikin ɗari a yawancin kaya, da kuɗin aikawa ta DHL ko makamancinsa, da yiwuwar mai saye ya ce zai dawo da kaya. A kan agogon da bai kai dala ɗari ba, waɗannan sukan cinye ribar. Don gane halin jama'arka kuwa, ka gwada da abin da faɗuwarsa ba za ta taɓa jarinka ba: idan ka sami rediyo biyu masu kama da juna, ka sa ɗaya a gwanjo, ɗaya ka rubuta masa farashi, ka shigar a littafi nawa kowanne ya kawo, kwana nawa ya ɗauka, mutum nawa suka taya, da ko wanda ya ci ya biya a kan lokaci. Ka maimaita a watanni daban-daban kafin ka sa agogo mai tsada a ciki.